Muhawara: Shin A Daidaita Sahu mai batir zai iya riƙe Kano?

Alhaji Mai Atamfa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwanan nan na dawo daga Dakar, babban birnin Senegal, kasuwanci ne ya kai ni, kuma na ga wani abu a can wanda tun da na sauka yake yi mini yawo a rai. Bas ce doguwa mai gaɓa biyu, ba ta shan fetur, ba ta shan dizal, batir ne ke jan ta. A watan Janairun 2024 aka ƙaddamar da ita, ta fara ɗaukar fasinja a watan Mayu. Na shiga daga Petersen a tsakiyar gari har Guédiawaye, kilomita 18 da ɗoriya, tasha 23, kuma irinta guda 121 aka kawo. Mai masaukina ya ce a da sai mutum ya kwashe awa ɗaya da rabi a wannan hanya, yanzu kamar minti 45 ne. Abin da ya fi tsaya mini shi ne shirun da ke cikinta. Na kira gida ina zaune a ciki, ban ɗaga murya ba, uwargida ta ɗauka a masauki nake.

Kwana biyu da dawowata na hau sahu daga Kwari zuwa Kurna bayan la'asar. Kafin mu wuce Fagge idanuna sun fara ruwa, ƙamshin turaren rigata ya koma warin hayaƙi. Mutanen Senegal gaba ɗayansu ba su kai miliyan 20 ba, kuma ba su fi mu arziki ba. To mu me ya hana mu? Ina so masu sani su yi magana, musamman direbobi.

Baban Sadiq:
Wa'alaikumussalam Alhaji, barka da dawowa, Allah ya sa an yi ciniki. Shekarata tara ina jan sahu, don haka bari in faɗi abin da na sani. Ba wanda ya kai mu son a rabu da fetur. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, aka cire tallafi, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Yanzu idan na fito da asuba, sai wajen azahar nake gama haɗa kuɗin mai. Daga nan in fara neman balas ɗin mai keke. Abin da ya biyo bayan la'asar shi ne na cefane. Ranar da aka yi ruwa ko taya ta fashe, to ranar a bashi aka kwana.

Amma Alhaji, da wace wutar zan yi caji? A unguwarmu taransifoma ta lalace bara, muka yi wata biyu muna karo-karo kafin a gyara. Ko da take lafiya, a kawo wuta ƙarfe ɗayan dare a ɗauke kafin kiran assalatu. Wayata ma a shagon caji take kwana. Fetur da duk tsadarsa, idan gidan mai babu, zan samu a galan a bakin titi wurin 'yan bumburutu. Wuta kuwa ba a sayar da ita a galan.

Abban Hanifa:
Baban Sadiq ya gama magana. Ku tuna watan Oktoban 2024, da aka samu matsala a manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, muka yi sama da mako a cikin duhu. Da a ce sahun Kano duka na batir ne a lokacin, da gari ya tsaya cak. Mun ɗanɗani irinsa a Janairun 2022 da 'yan sahu suka yi yajin aiki, na ga tsofaffi suna takawa a ƙasa daga Kabuga har cikin gari.

Injiniya:
Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka gani a Dakar gaskiya ne, amma abu biyu ne aka haɗa a wuri ɗaya, kuma ya kamata mu raba su. Shirun da rashin hayaƙin aikin batir ne. Saurin kuwa aikin hanya ne. An ware wa bas ɗin layinta a tsakiyar titi, ba mai shiga. Da bas mai dizal aka bai wa wannan layin, ita ma minti 45 ɗin za ta yi. Ka ɗauko wannan bas mai batir ka ajiye ta a Bata da ƙarfe biyar na yamma, za ta tsaya a cunkoso tare da kowa. Kuma gina wannan hanya da tashoshinta sai da Bankin Duniya da bankin zuba jari na Turai suka sa hannu, aka yi shekaru ana aiki.

Shi ya sa ni a ganina, in Kano za ta fara, da keke za ta fara. Shi ne yake ɗauke da garin tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013. Bari in yi lissafi a fili kowa ya duba. Injin fetur, kashi biyu cikin uku na man da ya sha ko fiye a zafi yake tafiya, shi ne wanda kake ji yana dukan ƙafarka, da wanda ke fita ta salansa. Motar lantarki kuwa kusan kashi tara cikin goma na wutar da ta ja tana zuwa taya. Ga shi idan ka tsaya jiran fasinja ba ta cin komai, idan ka taka birki ma wasu suna mayar da ɗan caji cikin batir. Aikin sahu kuwa duk tsayawa ne da tashi.

Mu ɗauka keke yana buƙatar yunit 10 a wuni. Ko da kuɗin wuta mafi tsada, na 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, da aka ɗaga a Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, abin bai wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Baban Sadiq, kai ka san abin da kake zubawa a tanki a wuni, ka kwatanta. Sannan babu baƙin mai, babu filogi, babu wankin kafireta.

Yanzu ɓangaren da ba ya yi wa mutane daɗi. Mu ɗauka keke 10,000 kacal aka sauya. Yunit 100,000 ke nan kullum. Idan duk da daddare za su yi caji, cikin awa takwas, ana buƙatar megawat 12 da rabi a tsaye har gari ya waye. Najeriya gaba ɗaya abin da ke yawo a layin ƙasa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023 megawat 10 ce, kuma rana ba ta wuce ta ba ka kamar awa biyar na cikakken ƙarfi. Wato sai an haɗa irinta biyu kafin a ciyar da keke 10,000. Ba abu ne da ya fi ƙarfin jiha ba, amma ba abu ne da za a jona a soket ɗin ɗakin Baban Sadiq ba.

Baban Sadiq:
Injiniya na gode, lissafin ya shige ni. Amma ka ce sola, sola kuma da rana take aiki. Ni ma da rana nake aiki. In na ajiye keke awa uku yana caji, wa zai biya mini balas?

Injiniya:
Ba za ka ajiye ba. Batirin ne zai zauna, kai ka wuce. Haka ake yi wa 'yan acaɓa a Kigali da Kwatano da Lome: ka zo tasha da batirin da ya yi ƙasa, a zare shi a sa maka cikakke, cikin minti biyu ko uku ka tafi, kamar yadda ake musanyar tukunyar gas. Batirin ba naka ba ne, na kamfani ne, kai cajin da ke ciki kawai kake saya. Wannan yana rage kuɗin sayen abin hawan sosai, don batir shi ne mafi tsada a jikinsa. Ruwanda har ta daina yi wa sabbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. A Nairobi ma akwai kamfanin BasiGo da ke ba masu motocin haya bas mai batir, suna biya gwargwadon kilomitar da suka yi.

Ka duba rufin kasuwanninmu da tashoshinmu, Sabon Gari, Dawanau, Unguwa Uku, Naibawa. Rana tana dukansu tun safe har yamma ba wanda ke amfana. Kasuwar Sabon Gari ma ai tun 2018 aka fara ba shaguna wutar sola.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Kano, ina biye da ku daga nan Nijar. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke muna kuran, wato lantarki, alhali mafi yawan wutar da muke sha daga can take zuwa. Yamai ta sha duhu. Abin da ya rage zafin abin shi ne tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a shekarar ta 2023. Tun lokacin na gane duk abin da za ka ɗora abincin mutane a kansa, gara tushensa ya kasance kusa da kai. In za ku yi, ku yi da ranarku, kar ku jira waya mai tahowa daga nesa.

Bakanike Ƙofar Ruwa:
Ina karanta ku tun ɗazu, raina ba daɗi. Injiniya yana lissafa babu baƙin mai, babu filogi, babu kafireta, kamar abin murna. To waɗannan da yake cewa babu, su ne tuwon gidana. Yara bakwai ne a garejina, uku marayu ne, iyayensu mata suka kawo mini su da hannunsu. Akwai wanda ya zo yana shekara 12 bai san sifana mai lamba goma ba, yau idan keke ya shigo, daga jin ƙararsa zai ce maka ring ne ko bawul. Shekara shida ya yi yana koyon wannan kunnen. Sai ku kawo keken da ba shi da ƙara. Me zai saurara?

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Masu kayan gyara, masu sayar da baƙin mai, masu walda salansa, masu abinci da ke zagaya gareji da rana. Duk wanda ke maganar canji ya fara gaya mini inda waɗannan za su.

Malamar Firamare:
Baba, wallahi maganarka ta taɓa ni, kuma ba na jin akwai wanda ya isa ya ce maka ba komai. Amma ina roƙon ka ji tawa. 'Yata ta biyu tana da asma. Makarantar da nake koyarwa a bakin babban titi take, tare muke tafiya kullum. Lokacin hunturu, idan ƙura ta haɗu da hayaƙin safe, sai in ga ta fara ɗaga kafaɗa tana jan numfashi da ƙyar tun muna cikin keke. Na san wannan alamar kamar yadda yaronka ya san ƙarar inji. Abin shaƙarta a jakata yake kwana. Sau biyu a bara muna juyawa daga hanyar makaranta zuwa asibiti. Shi ma ɗan sahun da ke wuni a bayan salansar ɗan'uwansa, ai huhu gare shi.

Tambayata ga Injiniya biyu ce. Ta farko, in kuɗin ɗan sahu ya ragu, kuɗin fasinja zai ragu? Don mun ga an ɗan sauke farashin mai amma kuɗin mota bai sauko ba. Ta biyu, shirun da Alhaji yake yabo ni tsoro yake ba ni. A lungunanmu yara da ƙarar keke suke kaucewa, haka makafi. Abin da zai zo ta bayanka ba ka ji ba, ga kuma masu ƙwacen waya, ya za a yi da shi?

Injiniya:
Malama, Allah ya ba ta lafiya. Maganar shiru an riga an gamu da ita a wasu ƙasashe, a Turai doka ce sabuwar mota mai batir ta riƙa fitar da wata 'yar ƙara idan tana tafiya a hankali. Na'ura ce ƙarama, sai dai a sa ta cikin sharaɗin rajista tun farko. Kuɗin fasinja kuwa, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Zai sauka ne kawai idan keken ya yi yawa har suna gasar fasinja, kuma idan mai batir bai cinye ribar ba.

Baba na Ƙofar Ruwa, gaskiyarka, aikin inji zai ragu, ba zan ɓoye maka ba. Taya da birki da shokoba da bodi da wayarin suna nan, amma ring da fistin za su tafi. Sai dai abin ba dare ɗaya zai faru ba, kekunan fetur da ke kan titi yau za su yi shekaru suna zuwa wurinka. Ka tuna kafin wayar hannu ta zo babu mai gyaran waya ko ɗaya a Kano, yau ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre. Masu haɗa sola ma haka, yawancinsu yaran masu wayarin gida ne. Abin da zan ce a matsa a kai shi ne duk kamfanin da zai kawo keken, a ɗaure shi da sharaɗin koyar da yaran gareji, kar ya ce sai a wurinsa kaɗai za a yi gyara.

Bakanike Ƙofar Ruwa:
In za a koya musu, ni zan fara kai nawa. Amma a koya musu a gareji da Hausa, hannu da hannu. Kar a tara su a otal kwana biyu a ba su takarda.

Ɗan Yerwa:
Ku zo Maiduguri ku gani. A Janairun 2021 aka fasa turakun da ke kawo mana wuta ta hanyar Damaturu, muka yi watanni babu ita sam. A cikin wannan garin ne Mustapha Gajibo yake cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, daga baya ya fara ƙera nasa, ana caji da sola. Gwamnatin jiha ma ta kawo motocin haya masu batir a ƙarshen 2023. Na hau, ba labari aka ba ni ba. Garin da ya fi Kano rashin wuta ya riga ta farawa, don haka rashin wuta kaɗai ba hujja ba ce.

Abban Hanifa:
Ni har yanzu ina ganin gas ya fi kusa da mu. Keken da kake da shi za a sauya masa, ba sai ka sayi sabo ba, bakanike ma bai rasa aikinsa ba. Ga bututun gas da ake ja daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, kilomita 614. Habasha da ta hana shigo da motocin fetur a 2024 tana da madatsar ruwa mai ba da sama da megawat 5,000, mu kuwa gas Allah ya ba mu.

Injiniya:
Ban ƙi gas ba, musamman ga manyan motoci masu dogon zango. Amma tun 2020 aka fara aikin bututun nan, kuma ko ya iso sai an gina gidajen sayarwa unguwa-unguwa. Rana kuwa ta riga ta iso. Sannan ka duba inda kekenmu yake fitowa. Bajaj da TVS duk na Indiya ne, kuma a Indiya a 2023 fiye da rabin sabbin masu ƙafa uku da aka sayar masu batir ne. Masu ƙera mana abin sun juya, ko ba jima ko ba daɗe abin da za su turo mana ke nan.

Abu ɗaya nake jin tsoro, kuma ina so kowa ya riƙe shi. Idan kasuwa ta buɗe, za a cika ta da keke mai arha mai batirin dalma, irin na mota. Ba ya jure caji kullum, ba ya jure zafinmu, kafin ka gama biyan bashi ya mutu. In ya mutu kuma yara ne za su fasa shi a bayan gida su narka dalmar. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, duk da can daga haƙar zinare ta fito. Batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe, wanda ake kira LFP, shi ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Ya fi tsada, shi ya sa gara ya zama na kamfani, mai lissafin kowane ɗaya da kuma karɓar wanda ya mutu.

Baban Sadiq:
To nan ne ni kuma nawa tsoron yake, Injiniya. Yau idan wannan gidan man ya tsawwala, sai in wuce na gaba. Fetur ɗin kowa yana shiga tankina. Amma in batirin na kamfani ɗaya ne, ramin da ke jikin kekena nasa kaɗai yake ɗauka, ai ya sa mini igiya a wuya. Yau ya ce musanya dubu biyu, in mun shiga mun yi yawa ya ce dubu huɗu, ina za ni? In kuma ya karye ya tattara ya tafi, kekena ya zama kejin kaji, ga bashi a kaina. Na taɓa karɓar keke a hannun wani kamfani na biya kaɗan-kaɗan, saura wata uku in gama na kwanta rashin lafiya sati biyu, suka zo har ƙofar gida suka ɗauke shi, ko sisi ba su mayar mini ba. A lokacin ma sai da suka turo mutum. Wannan kuwa na ji daga ofis za a danna a kashe maka shi kana tsakiyar titi da fasinja.

Alhaji Mai Atamfa:
Subhanallah. Allah ya mayar maka da alheri, Baban Sadiq. Na shigo da maganar bas, ga shi kun kai ni inda ban yi tunani ba. Injiniya, wannan tana da magani?

Injiniya:
Tana da shi, amma ba a hannun injiniya yake ba, a hannun hukuma da ƙungiyar 'yan sahu yake. Kafin a ba kowa izini, a tsayar da girman batir ɗaya da bakin jona ɗaya, yadda na wannan kamfani zai shiga keken wancan, kamar yadda tukunyar gas take. A ba kamfani fiye da ɗaya dama a kowace hanya. A rubuta kwana nawa za a ɗaga wa wanda ya gaza biya, da abin da za a mayar masa in an karɓe keken. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka ba sai an jira Abuja ba. Kuma a fara da hanya ɗaya, misali Kurna zuwa Bata, da keke kaɗan, a bar su su ratsa zafin Afrilu da damina guda kafin a ƙara. Abin da ba mu da shi yanzu shi ne lissafin gaskiya daga kan titi. Yunit 10 da na faɗa ƙiyasi ne. Baban Sadiq, mitar kekenka tana aiki?

Baban Sadiq:
Tana aiki, bara na canza mata waya. Daga gobe in sha Allahu zan riƙa rubuta lambar da ke kai da asuba da wadda ke kai in na shiga gida, da litar da na sha, da sau nawa na ɗauki mutum huɗu da kaya. Akwai abokaina biyu, ɗaya Hotoro yake yi ɗaya Rijiyar Zaki, zan sa su ma su rubuta. Ranar Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci zan turo muku.

Malamar Firamare:
Ka haɗa da ranar Litinin da safe don Allah, lokacin kai yara makaranta. Ranar ce cunkoson ya fi yawa a hanyarmu.